Gwamnan da ya tare ƙofar jami'a, daga baya ya dawo neman yafiya a keken guragu

Jiya da daddare a majalisarmu gardama ta ɓarke, wani abokina ya kafe kan cewa ɗan siyasa ba ya tuba, sai dai in ya ga iska ta juya ya juya tare da ita. Ni kuma tun muna zaune sunan mutum ɗaya ke ta yi min yawo a kai, George Wallace, wanda ya yi gwamnan jihar Alabama a kudancin Amurka har sau huɗu, shekara 16 kenan jimilla. Na so in ba su labarinsa a wurin amma kun san majalisa, kafin ka kai tsakiya an katse ka sau goma, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta a nutse.

An haife shi ranar 25 ga Agusta 1919 a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Clio, mahaifinsa manomi ne, ba wasu masu hali ba. Gajere ne amma akwai zuciya, tun yana saurayi ya ci kambun damben jiharsu a ajin marasa nauyi, kuma wannan halin na ɗan dambe bai taɓa barinsa ba har tsufa. Ya karanta lauya a Jami'ar Alabama ya gama a 1942, ya shiga sojan sama lokacin yaƙin duniya na biyu, yana cikin ma'aikatan jiragen da suka riƙa ruwan bama-bamai a Japan a 1945. Da ya dawo gida sai siyasa, ɗan majalisar jiha a 1946, sannan aka zaɓe shi alƙali a 1952, don su can a jihohi da yawa alƙali ma da ƙuri'a ake naɗa shi.

To ga abun da yawancin mutane ba sa kawowa idan ana maganarsa, kuma ni a wurina shi ne ginshiƙin labarin gaba ɗaya. Wallace na farkon nan, idan aka auna shi da ma'aunin Alabama ta wancan zamani, mai sassauci ne. Ya zauna a hukumar gudanarwar Tuskegee, shahararriyar makarantar baƙaƙen fata. A 1948 da wakilan kudu da dama suka fice daga babban taron jam'iyyar Democrat don fushin an sa maganar 'yancin baƙaƙe a manufofin jam'iyya, shi bai fita ba. Akwai wani lauya baƙar fata ɗan garin Selma, J. L. Chestnut, da ya ba da shaida da bakinsa cewa Wallace ne alƙali na farko da ya kira shi da laƙabin girmamawa a cikin kotu, a zamanin da ake kiran dattijo baƙi mai furfura da gatsal ɗin sunansa kamar yaron gida. Wato mutumin nan ya san daidai, ya san baƙar fata mutum ne mai mutunci, ba wai a duhu ya taso bai taɓa gani ba.

Sai zaɓen gwamna na 1958. Ya fito yana maganar tituna da makarantu da taimakon talaka, abokin karawarsa John Patterson kuma, wanda shi ne babban lauyan jiha da ya sa aka hana ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP aiki a Alabama, yana da goyon bayan 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar nan ta farar fata masu rufe fuska suna kashe baƙaƙe da ƙona gidajensu. Wallace ya nesanta kansa da su, NAACP ta mara masa baya, ya sha kaye. Wani na hannun damarsa ya ce bayan faɗuwar nan Wallace ya rantse ba wanda zai ƙara fin shi zafi a kan maganar baƙaƙe a wani zaɓe, shi dai ya musanta ya faɗi haka, amma abun da ya biyo baya ko bai faɗa da baki ba ya faɗa da aiki.

Ya ci zaɓen 1962. Ranar 14 ga Janairu 1963 ya tsaya a matakalar gidan gwamnati a Montgomery, daidai inda aka rantsar da Jefferson Davis shugaban 'yan awaren kudu da suka yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙaƙe, ya ce wariya yau, wariya gobe, wariya har abada. Wanda ya rubuta masa jawabin, Asa Carter, jigo ne a cikin 'yan Klan ɗin da ya guda shekara huɗu baya. Kai jama'a. Mutum ya san gaskiya ya ajiye ta a gefe saboda kujera, ni wannan ya fi min ciwo a kan a ce jahili ne.

Ranar 11 ga Yuni 1963 ce ta sa duniya ta san shi. Tun 1954 kotun ƙolin Amurka ta ce raba makarantu na farare daban na baƙaƙe daban ya saɓa wa tsarin mulki, amma Alabama ta yi kunnen uwar shegu, ko Autherine Lucy, baƙar ɗalibar da ta shiga Jami'ar Alabama a 1956, kwana uku kawai ta yi a aji aka yi mata bore aka dakatar da ita, daga baya aka kore ta. Wannan karon ɗalibai biyu ne, Vivian Malone da James Hood, da umarnin kotu a hannu, suka zo yin rajista a Tuscaloosa, sai gwamna sukutum ya zo ya tsaya a bakin ƙofar zauren rajistar ya tare, ga makirfo an kafa masa ga kyamarorin talabijin. Mataimakin ministan shari'a Nicholas Katzenbach ya zo daga Washington ya ce ya ba da hanya, ya ƙi, ya karanto doguwar takarda a kan 'yancin jihohi. Shugaba Kennedy ya karɓe ikon dakarun tsaron jihar ya mayar da su ƙarƙashin tarayya, da yamma janar ɗinsu Henry Graham ya zo ya sara masa ya ce ya matsa, shikenan ya matsa, yaran suka shiga suka yi rajista. Ya sani tun farko ba zai iya hanawa ba, lauya ne fa kuma tsohon alƙali, hoton kawai yake so kuma ya samu.

Matsalar ita ce wanda ke kan mumbari yana hura wuta shi wasa yake da ƙuri'a, amma wanda ke ƙasa yana sauraro da gaske yake ɗauka. Wata uku bayan nan, 15 ga Satumba, ranar Lahadi da safe, 'yan Klan suka dasa bam a wani cocin baƙaƙe a Birmingham, yara mata huɗu suka mutu, Addie Mae Collins da Carole Robertson da Cynthia Wesley 'yan shekara 14, da Denise McNair 'yar shekara 11. Martin Luther King ya aika wa gwamna saƙon waya ya ce jinin yaran nan yana hannunka. Ba shi ya dasa bam ɗin ba, wannan haka yake, amma wa ya yi wata da watanni yana gaya wa mutane cewa dokar kotu ba abar bi ba ce?

A 1965 kuma babu ma wani a tsakani, 'yan sandan jiharsa ne kai tsaye. A watan Fabrairu ɗaya daga cikinsu ya harbi wani matashi Jimmie Lee Jackson mai shekara 26 a garin Marion, lokacin zanga-zangar neman a bar baƙaƙe su yi rajistar zaɓe, bayan kwana takwas ya cika. Mutane suka ce za su taka da ƙafa daga Selma har Montgomery, kusan kilomita 87, su kai kukansu ga gwamna, gwamna ya ce bai yarda ba. Ranar 7 ga Maris mutum wajen 600 suka hau gadar Edmund Pettus, suna sauka suka tarar da 'yan sanda jere, wasu a kan dawakai, aka far musu da kulki da barkonon tsohuwa, mata da tsofaffi ba a bar kowa ba, aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, ƙoƙon kai, a lokacin yana ɗan shekara 25. A daren aka nuna a talabijin Amurka duka ta gani. Bayan kwana shida Shugaba Johnson ya zauna da Wallace a fadar White House kusan awa uku, kuma waɗanda ke wurin sun ce ya tambaye shi me yake so a rubuta a kabarinsa, George Wallace ya gina, ko George Wallace ya yi ƙiyayya. A watan Agusta aka sa hannu a dokar 'yancin zaɓe, wadda ta buɗe wa baƙaƙen kudu rumfar zaɓe, ku riƙe wannan don zai dawo.

Adalci ne in faɗa cewa ya gina ɗin, ya buɗe ƙananan kwalejoji da makarantun koyon sana'a birjik a faɗin jihar, ya raba littattafan makaranta kyauta, ya yi tituna, shi ya sa talakawan farare suke sonsa kamar me. Amma akwai wani abu da ya yi a cikin gidansa da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Tsarin mulkin Alabama a lokacin bai yarda gwamna ya yi tazarce ba, ya nemi majalisa ta gyara ta ƙi, sai ya tsayar da matarsa Lurleen a 1966, ya ce shi zai zama mai ba ta shawara a kan albashin dala ɗaya a shekara, kowa ya san wa zai yi mulkin. Lurleen baiwar Allah ce mai kunya, 'yar shekara 16 tana aiki a kanti ya aure ta. Tun 1961 da aka yi mata tiyatar haihuwar autarsu likita ya ga alamar ciwon daji ya gaya wa mijin, mijin ya ce kar a gaya mata, sai a 1965 ta sani. An yi mata aiki a farkon 1966, a haka da ciwo ta riƙa zagaya jiha tana kamfen, ta ci, aka rantsar da ita a Janairun 1967, mace ta farko da ta yi gwamnan Alabama, tana mulki tana zuwa jinya Houston, ta rasu 7 ga Mayu 1968 tana da shekara 41 ta bar 'ya'ya huɗu. Shi kuma a lokacin hankalinsa na kan takarar shugaban ƙasa.

Takarar ta 1968 ba ƙarama ba ce, ba ya Democrat ba ya Republican, jam'iyyarsa ya kafa, ya cinye jihohi biyar na kudu, ƙuri'a kusan miliyan 10, kashi 13.5 cikin ɗari. A nan ya gano ba sai ka ambaci launin fata ba, ka ce doka da oda, ka zagi 'yan boko na Washington da alƙalan tarayya da 'yan jarida, masu ji za su gane inda ka dosa har a arewacin ƙasar. A 1970 ya dawo gwamna bayan wani kamfen mai ƙazanta da ya yi wa gwamna mai ci Albert Brewer, yana tsorata farare cewa ƙuri'ar baƙaƙe za ta ƙwace jihar.

15 ga Mayu 1972, yana neman tikitin Democrat na shugaban ƙasa kuma tauraronsa na haskawa, ya gama jawabi a filin wata kasuwa a Laurel ta jihar Maryland ya sauko yana gaisawa da jama'a, sai wani saurayi ɗan shekara 21, Arthur Bremer, ya zaro bindiga ya buɗe masa wuta, har da wasu mutum uku suka jikkata. Harsashi ɗaya ya maƙale a ƙashin bayansa, daga ƙugu zuwa ƙasa ya shanye, bai sake takawa ba. Maharbin farar fata ne, kuma ba don baƙaƙe ya yi ba, abun da ya rubuta a littafinsa ya nuna suna kawai yake nema, da farko ma Shugaba Nixon yake bibiya. Washegari Wallace yana kwance ya ci zaɓen fidda gwani a Maryland da Michigan.

Yanzu ga wurin da nake so in daɗe. Yana asibiti sai ga Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin Amurka, wadda ita ma a shekarar take neman tikitin da yake nema, ta zo dubiya. Ku tsaya ku duba fa, mutumin da ya gina sunansa kacokan a kan cewa irinta ba su cancanci zama aji ɗaya da 'ya'yansa ba. Magoya bayanta sun ji haushi ƙwarai. Ita ta ba da labarin cewa ya tambaye ta, me mutanenki za su ce, ta ce na san abun da za su ce, amma ba na son abun da ya same ka ya sami kowa, sai ya fashe da kuka. Wallahi duk lokacin da na karanta wannan sai na ji wani abu a ƙirjina, don babu abun da yake bin ta bashi na alheri, babu wanda zai zarge ta in ba ta je ba, ta dai ga ɗan Adam a kwance ta je. Bayan shekara biyu da take fafutukar a sa masu aikatau a gidaje cikin dokar mafi ƙarancin albashi, wanda yawancinsu mata baƙaƙe ne, Wallace ya taimaka mata wajen shawo kan 'yan majalisar kudu.

Ba dare ɗaya ya canja ba, ya sake cin gwamna a 1974, ya sake neman shugaban ƙasa a 1976 Jimmy Carter ya kayar da shi. Sai bayan ya sauka a 1979, ga ciwo ba dare ba rana ga aurensa na biyu ya mutu, sannan ya fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, har da John Lewis. A shekarar aka tura shi a kekensa cikin cocin Dexter Avenue a Montgomery, cocin da King ya yi limanci, tafiyar 'yan mintuna daga matakalar da ya yi rantsuwar wariya har abada, ya ce wa jama'ar wurin yanzu ya san mene ne wahala, ya san yana da hannu a wahalar da baƙaƙe suka sha, kuma ba abun da zai iya sai roƙon su yafe masa.

A 1982 ya sake fitowa, ya ci karo na huɗu, kuma a babban zaɓen sama da kashi 90 cikin ɗari na baƙaƙen da suka yi zaɓe shi suka ba, a kan Emory Folmar na Republican. Ya naɗa baƙaƙe muƙamai fiye da duk gwamnan da ya gabace shi, biyu daga ciki a majalisar zartarwarsa. A nan ne abokina na majalisa zai ce ka gani ko, dokar 1965 ta ba baƙaƙe ƙuri'a, mutumin da ya sayar da gaskiya don ƙuri'a a 1958 shi ne ya sayo ta don ƙuri'a a 1982. Maganarsa tana da ƙarfi ban raina ta ba, kuma akwai baƙaƙe da yawa a Alabama da haka suka ɗauka har ya mutu.

Abun da ya sa ban bi shi gaba ɗaya ba shi ne Wallace ya bar mulki a Janairun 1987 bai sake neman komai ba, amma bai daina ba da haƙuri ba. A 1995 da aka cika shekara 30 da tattakin Selma, yana tsoho ya kurumce ga ciwon karkarwa ko magana ba ya iyawa sosai, ya sa aka kai shi ya tarbi masu tattakin a Montgomery, wani ya karanta saƙonsa, ya riƙe hannu da Joseph Lowery abokin gwagwarmayar King. A 1996 ya gana da Vivian Malone, wadda ta zama baƙar fata ta farko da ta kammala jami'ar a 1965, ya nemi gafararta ta ce ta yafe. Wace ƙuri'a yake nema a lokacin? Mu a tarbiyyarmu mun san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai ka je ka sami mai haƙƙin ka ƙasƙantar da kai a gabansa, kuma iya wannan dai ya yi shi, a bainar jama'a, shekara kusan ashirin yana yi. Zuciya kuwa Allah ne masaninta.

Ya rasu 13 ga Satumba 1998 yana da shekara 79. James Hood, wanda ya tare wa ƙofa, wanda ya koma jami'ar ya yi digirin digirgir a 1997, ya halarci jana'izarsa. John Lewis ya rubuta a jaridar New York Times cewa ya yafe masa kuma ya yarda mutumin ya canja, kuma ni in wanda aka fasa wa kai ya ce ya yafe, ba ni da bakin da zan ce masa ya yi kuskure. A 2009 'yar Wallace ɗin, Peggy, ta tsallaka gadar Selma hannunta cikin na Lewis.

Sai dai akwai waɗanda ba a samu damar tambayarsu ba. Jimmie Lee Jackson yana kabari tun 1965, ɗan sandan da ya harbe shi sai a 2010 ya amsa laifi, aka yanke masa wata shida. Yaran cocin Birmingham huɗu ba su girma ba balle su ce sun yafe ko ba su yafe ba. Akwai ta biyar a ɗakin da bam ɗin ya tashi, Sarah Collins, ƙanwar Addie Mae, tana da shekara 12, ta rayu amma ta rasa ido ɗaya, ta yi shekaru tana cewa kalaman gwamnan jihar ne suka zuga waɗanda suka kashe yayarta, tana neman jihar ta ba ta haƙuri ta kuma biya ta diyya. Takardar ban haƙurin ta zo mata daga gwamna Kay Ivey a 2020, shekara 57 bayan ranar, Wallace kuma ya yi shekara 22 a ƙasa.